Maƙwabciyar Inna Asabe a Shafin Zoɓo

Haushin yaran yanzu nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Sai ka ga yaro ya ɗora kwamfuta a cinya, ya kwaso layi daga nan, ya kwaso daga can, ya manna, shafi ya fito fes, sannan ya ɗago kai ya ce wai haɗa shafin intanet ai wasan yara ne. Ka tambaye shi hoton nan daga gidan wa yake zuwa, rubutun nan mai ado wa ya ara masa, ɗan akwatin da ke motsi a gefe makullinsa yana hannun wa, sai ya ce maka ai yana aiki. To, yau yana aiki. Ni ba ta yau nake tambaya ba.

Bari in fara da abin da ba su son tsayawa su ji. Shafi ba takarda ba ce da aka buga aka gama. Shafi aike ne. Duk lokacin da wani ya buɗe shi, burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ita ce ke karanta umarnin da ka rubuta, ta bi gida-gida tana ɗauko kaya: hoton nan daga nan, rubutun can daga can, ta zo ta jera a gaban mai kallo. Abin da ka ajiye a ma'ajiyar da ka kama haya naka ne, yadda ka bar shi haka za a same shi. Abin da ka ce a ɗauko daga gidan wani kuwa nasa ne. Ka fasa taga ne a bangonka ka ce masa ya riƙa cika ta. Mutumin Maigatari ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Buhun da ya tsallako iyaka ana taɓa shi ne kullum, ba a cewa ai na makon jiya gero ne.

Ni Delu, ba da biro aka yaye ni ba. Tuwo da miya nake sayarwa a tashar Gumel har na haifi na biyar. Ajin yaƙi da jahilci na shiga da goyo a baya, matan layinmu suna dariya suna cewa ko gwamna nake son zama. Da na iya haɗa baƙi, sai na ga karatu bai ishe ni ba, ina son in san yadda ake fitar da irin takardun da direbobi ke ninkewa a aljihu kamar laya. Haka na je na tsaya a ƙofar shagon Mista Bulus.

Mista Bulus mutumin tsakiyar ƙasar nan ne, aikin gwamnati ya kawo shi Gumel yana saurayi, ya yi shekaru yana buga takardu a ofis, da ya ajiye aiki ya buɗe shagonsa kusa da tasha. Tuwona yake ci da rana, saboda haka bai iya korata ba. Ya dai dubi yatsuna ya ce waɗannan sun saba da muciya, tafireta ba tukunya ba ce, kada in fasa masa haƙoranta.

Aikin farko da ya bari na yi da kaina takardar wani malamin firamare ce daga Gagarawa da ke neman a mayar da shi kusa da mahaifiyarsa. Na sa takardar kabon a juye, kwafin ya fito a bayan takardar. Na sake, na tsallake layi. Na sake, harafin da na danna ya huda takardar. Malamin yana zaune a benci yana kaɗa ƙafa, motar garinsu tana cika. Da na gama, Mista Bulus bai karɓa ba, ya ce in tashi tsaye in karanta da ƙarfi tun daga adireshi har sa hannu. Haka ya yi mini a kan kowace takarda har na ƙware. Ya kan ce duk abin da ya fita daga shagon nan ba a tambayar wace na'ura ce ta yi shi, cewa ake wa ya buga.

Kwamfuta ta shigo shagon a tsakiyar shekarun casa'in. Ni na ɗinka mata riga da tsohon zanena. Faifan da muke ajiye aiki a kai muna zuba su ne a gwangwanin biskit, mu sa a ƙarƙashin tebur inda randa take, don zafi na cinye su. Janareta kuwa kamar jariri, in ya yi tari kowa ya miƙe. Masu kawo aiki iri-iri ne: masu katin ɗaurin aure da ke son a sa sunan kowane kawu don kada wani ya yi fushi, 'yan kwangila, da fataken Damagaram da ke zuwa da takardun manyan motocinsu cikin Faransanci, in buga harafi-harafi ban san me nake faɗa ba, su kuma su tsaya a kaina suna nuna mini 'yan ƙahonin da ke kan haruffa.

Intanet ta zo mana ne a shekarar da soja suka miƙa mulki. Mista Bulus ya je Kano ya yi ɗan kwas, ya dawo da wani ƙaramin akwati da ake haɗawa da layin tarho, da tarin takardun da ya kwafo. Sai an buga waya Kano sannan a shiga, akwatin ya yi ta kuka kamar an taka kyanwa, wani lokaci ya haɗu, wani lokaci ya ƙi. Tare muka koya, shi da tabarau, ni da yatsa a kan layi. Babu wani abin da ke haɗa maka shafi a lokacin, a wurinmu dai. Da hannu nake rubuta kowane umarni, in buɗe in rufe, in na manta rufe ɗaya duk rubutun ƙasa ya karkace.

Shekarar ba ta yi mana kyau ba. Mai ya yi wuya, sai mu wuni janareta na kwance. Tsawa ta ƙone akwatin da damina, muka yi makonni kafin a samo wani. Mista Bulus ya fara maganar tattarawa ya koma gida. A cikin wannan hali ne, bayan an fara cire zoɓo, wani jami'i mai suna Malam Nura ya shigo da aiki. Daga wani ofishin tallafa wa manoma yake a Dutse. Akwai ƙungiyar mata masu noman zoɓo da riɗi daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Gagarawa, dillalai na saye a hannunsu yadda suka ga dama. Ofishinsu na son a yi musu shafi, don mai saye na nesa ya gani ya rubuto kai tsaye ta shagonmu. Ya ce kuma lallai a sa hoton shugabarsu, don mutanen waje ba sa yarda da kaya sai sun ga fuska.

Shugabar ita ce Inna Asabe ta Ɗanzomo, dattijuwa ce da ta aurar da jikoki. Ita ta tara matan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma don ita mazansu suka bar su. In ta ce a zo, a zo. In ta zauna a gida, kowa ta zauna. Ni aka tura in shawo kanta, don Malam Nura ya gwada ta sallame shi da ruwan sha.

Na same ta a tsakar gida tana tsince zoɓo a faifai. Na yi mata bayani da abin da ta sani, na ce kasuwa ce babba da ba ta tashi, za a kafa mata rumfa a ciki. Ba ta tambayi ko nawa za a samu ba, ba ta tambayi wa zai gani ba. Ta ɗago ta ce, "Wa zai zauna kusa da ni?"

Duk macen da ta taɓa kasa kaya ta san nauyin wannan tambaya. A kasuwa ba inda ka ga fili kake shimfiɗa buhu ba. Wadda ke gefenki ita ke tsare miki kaya in kin tafi salla, kuma da ita ake auna ki. Inna ta ce ta taɓa barin wuri mai inuwa a Maigatari ta koma rana saboda bakin wadda aka ajiye kusa da ita.

Na ce, "Inna, ba kowa. Daga ke sai zoɓonki."

Mijinta Malam Ila ya yarda da sharaɗin ta yi lulluɓi, kuma a ɗauka a gabansa. Haka aka yi. Mai hoton tasha ya ɗauke ta zaune da faifan a cinya, ba ta yi murmushi ba, ta ce ba biki ta zo ba. Sai da aka kai hoton Kano aka wanke, aka sa a na'urar da ke mayar da shi cikin kwamfuta, aka dawo mana da shi a faifan kwamfuta.

Shi kaɗai ne hoton da muka iya yi wa wannan wahala. Sauran kuwa muka yi abin da kowa ke yi a zamanin: muka ga taswira mai kyau a shafin wasu, muka ce burauza ta riƙa ɗauko ta daga can, muka ga hoton buhuna a wani wurin, shi ma haka. Sai Malam Nura ya ce manyansa na son shaidar cewa ana buɗe shafin, dole a sa ɗan akwatin da ke ƙirga baƙi. Akwai wani gida a ƙetare da ke bayar da shi kyauta, layi guda za ka manna. Na manna shi a gefen hoton, inda Malam Nura ya ce ya fi fitowa. Ni da Mista Bulus muka buɗe muka sake buɗewa, kwana da kwanaki, ba ya nuna komai sai lamba.

A nan ne nake son yaran yanzu su buɗe kunne. Ku kuna da makaman da ni ban da su a lokacin. Yau kana iya rubutawa a ƙofar shafinka cewa daga gida kaza da gida kaza kaɗai za a karɓo kaya, duk wanda ba ya ciki burauza ta mayar da shi. Kana iya maƙala wa hoto ko umarni kalma guda da ke cewa ɗan aiken ya tafi hannu rabbana, kada ya ɗauki shaidar mai kallo ya kai wa baƙo, ko kuma ka ce ya tafi da ita in ka san gidan. Shi ma wancan gidan sai ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda naka ya leƙa cikin abin da ya bayar, in bai faɗa ba burauza ta hana. Har hatimi ana iya bugawa a kan umarnin da aka aro, in an taɓa ko harafi ɗaya a can, a nan a ƙi karɓa. Mutane sun sha wuya kafin a ƙirƙiro waɗannan. Amma me nake gani? Da zarar burauza ta hana abu, sai yaro ya yi tsaki, ya cire hatimin, ya sa alamar tauraro wadda ke nufin kowa ma ya zo, ya ce ya gyara. Mai gadi ya tsayar da baƙo, kai kuma ka kori mai gadin.

Ranar da Inna ta zo ganin rumfarta Alhamis ce, suna kan hanyar kasuwar Maigatari. Ita da Malam Ila da mata biyu na ƙungiyar, Malam Nura kuma ya riga su zuwa da babbar riga. Mun tanadi mai tun jiya. Mista Bulus ya ba Malam Ila kujerarsa, matan suka zauna a benci, ni ina gaban kwamfuta. Akwatin ya yi kukansa, ɗaya daga cikin matan ta tambaya ko yunwa yake ji, aka yi dariya, layi ya haɗu.

A wancan zamani hoto ba ya faɗowa gaba ɗaya, saukowa yake daga sama a hankali kamar ana sakin labule. Mayafin Inna ya fara fitowa, sai goshinta, sai idanu. Matan suka fara salati suna taɓa juna. Malam Ila ya matso da kujera. Faifan zoɓon ya fito ja wur. Sai ɗan akwatin gefe ya fara nasa saukowa, na ga ya fi yadda na san shi tsawo. Gashi ya fito, ba ɗankwali. Kafaɗa ta fito, ba riga. Kafin hannuna ya kai ga wani maɓalli, ga wata baturiya nan kwance a bakin ruwa da kwalbar giya a hannu, ɗan abin da ta ɗaura bai kai hankici ba, kafaɗarta na gogar ta Inna. Lambar tamu tana can ƙasa, 'yar mitsitsiya.

Malam Ila ya ja kujerarsa baya.

Malam Nura ne ya fara magana, da sauri-sauri. Ya ce talla ce kawai, masu akwatin ne suka fara sa talla, ba daga gare mu ba ne, in sake buɗewa. Na sake. Wannan karon tayar mota ce ta fito. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to ga shi nan, ya wuce.

Malam Ila bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni, ba Malam Nura ba, ko wanda ya buɗe a Kano yanzu taya zai gani ko waccan. Na ce ban sani ba. Ya ce wanda ya buɗe jiya fa? Na ce ban sani ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya sani a cikin shagon nan. Mista Bulus ya cire tabarau ya ce babu. Malam Ila ya miƙe ya gyara hula, ya ce a sauke hoton iyalinsa, kuma maganar ƙungiya a bar ta haka nan. Matan biyu sun riga sun kai ƙofa.

Inna ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a kaina, ta dubi tayar, ta dube ni.

"Delu, ke kika ce ba kowa."

"Ni na ce, Inna."

"To wa ya shimfiɗa mata?"

Ba ta jira amsa ba, ta bi mijinta.

Bayan sun tafi muka yi ta da Malam Nura. Shi a ganinsa a sauke hoton na ɗan lokaci, a bar akwatin, don in babu lamba manyansa za su ce ba a yi aiki ba, su janye. Ya ce in ya so a mayar da akwatin can ƙasan shafi inda ido ba ya kaiwa. Na ce masa ko a ƙarƙashin tabarma aka sa baturiyar nan, a ɗakin Inna take. Ya ce ba ni ke da shagon ba. Mista Bulus ya ce haka ne, amma Delu ce ta buga. Malam Nura ya ɗauki jakarsa ya ce sai mun ji daga Dutse, mu kuma muka san aikin da muke sa ran zai riƙe shagon yana iya bin sa.

Ba shi da mugun nufi, kada a ce na ce. Abin da aka ce ya kawo shi yake nema. Masu akwatin ma ba su san akwai wani gari Ɗanzomo a duniya ba, kayansu ne suka juya yadda suke so, tun farko ba su yi mana alkawarin lamba kaɗai ba. Taga ce muka ba su, suka cika.

Da la'asar layi ya sake haɗuwa. Na goge layin akwatin ƙirgar baƙi. Na sauke hoton Inna kamar yadda mijinta ya ce. Sannan na yi abin da Mista Bulus ya koya mini a kan tafireta: na miƙe tsaye na karanta umarnin shafin da ƙarfi tun daga sama, duk inda na ji sunan gidan da ba namu ba in tsaya in cire. Taswira ta tafi. Buhunan suka tafi. Har wani ɗan zanen ganye da na manta na aro don ado, shi ma ya tafi. Da na gama na buɗe shafin, babu komai sai baƙin rubutu a kan fari da sunan ƙungiyar da ta watse da safe. Mista Bulus ya duba ya ce bai taɓa ganin mummunan shafi irin wannan ba. Na ce amma duk abin da ke ciki na san uwarsa da ubansa.

Washegari da sassafe na sa hoton Inna a ambulan, na biya tasha na tayar da mai hoto daga kan bencinsa, muka shiga motar farko ta Ɗanzomo. Na bar shi a waje. Malam Ila na zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa an toshe tagar, ba a matsar da ita ba, an toshe, kuma daga yau ba abin da zai hau shafin nan sai wanda aka ɗauko daga garin nan da hannuna. Ya nuna mini ƙofar cikin gida da carbin.

Inna na inda na same ta a karon farko, da faifai a cinya. Na miƙa mata ambulan. Ta zaro hoton ta dube shi, ta ɗaga gefen tabarma ta tura shi ƙarƙashi, ta zauna a kai.

"Kin kori maƙwabciyar?"

"Na kore ta, Inna. Ita da duk danginta."

Ta ci gaba da tsinta kamar ba ta ji ba. Can ta ce wa yarinyar gidan ta je ta gaya wa su Hajara, matan ƙungiya, taron Asabar yana nan. Sannan ta kaɗe faifan, ta gyara jajayen su koma sama, ta miƙo mini.

"Kai wa mai hoton naki," in ji ta. "Ya ɗauki wannan. Shi ba shi da miji."

Na karɓa da hannu biyu, na fita da shi inda rana ta fi haske.